Tsoron Magani ta Hanyar Hifnosis: Asalinsa da Yadda Za a Shawo Kansa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Daga cikin hanyoyin da likitocin zamani suke bi wajen rage wa majinyaci raɗaɗi da damuwa, da wuya a sami wadda mutane suke jin tsoro kamar hanyar da Turawa suke kira hifnosis. Da zarar an ambaci sunanta, sai mutum ya suranta wani hatsabibi mai jan ido yana kaɗa agogo a gaban fuskarsa, ya sa shi barci, ya raba shi da hankalinsa, sa'an nan ya juya shi yadda ya ga dama. Saboda wannan sura, akwai majinyata da suke guje wa maganin da zai iya amfanarsu. Akwai kuma waɗanda, saboda sun ɗauka abin al'ajabi ne, suke miƙa wuya ga duk wanda ya ce ya iya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tsoro, ta nuna inda ya samo asali, sa'an nan ta rarrabe tsakanin tsoron da ba shi da tushe da wanda yake da shi. Abin da za mu gani shi ne, yawancin abin da ake tsoro ba ya faruwa, abin da kuwa ya kamata a yi hattara da shi ba kasafai ake tuna shi ba.

Mene ne hifnosis?

Hifnosis wani hali ne da mutum kan shiga inda hankalinsa yake tattaruwa a kan abu guda, ya rage kula da abin da ke kewaye da shi, ya kuma fi saurin karɓar abin da aka ɗarsa masa a zuci. Mai magani yakan zaunar da majinyaci wuri mai natsuwa, ya ce masa ya ƙura wa wani abu ido ko ya rufe idanunsa, ya sassauta numfashi, ya saki jiki. Bayan haka sai ya riƙa yi masa magana a hankali, yana sa shi ya suranta wasu abubuwa. Alal misali, mai ciwo a hannu ana iya ce masa ya ɗauka ya tsoma hannun cikin ruwan randa mai sanyi, sanyin yana ratsa shi, zogin yana ja da baya. Babu abin sha, babu hayaƙi, babu turare. Magana ce kurum, da yardar mai saurare.

Wannan hali ba baƙo ba ne ga ɗan Adam. Yaron da tatsuniya ta ɗauke wa hankali har aka kira shi sau uku bai ji ba, da maɗinkin da ya duƙufa kan aikin hula har la'asar ta yi bai ankara ba, duk sun ɗanɗani wani abu makamancinsa. Bambancin shi ne, a ɗakin magani da gangan ake shiga halin, kuma don wata manufa.

Mutane ba ɗaya suke ba wajen shiga wannan hali. A shekarar 1959 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard, suka tsara ma'auni mai gwaji goma sha biyu don auna wannan baiwa. Abin da aka riƙa samu tun daga lokacin shi ne, kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne suke shiga halin sosai, wasu kaɗan ba sa shiga ko kusa, mafi yawan jama'a kuwa suna tsakatsaki. Watau ƙarfin abin yana wurin wanda ake yi wa, fiye da wurin mai yi.

Inda tsoron ya samo asali

Tushe na farko shi ne tarihin abin kansa. Wani likita Bajamushe mai suna Franz Anton Mesmer, wanda aka haifa a 1734, ya yi da'awar cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi mai kama da na maganaɗisu da ke gudana a jikin masu rai, kuma toshewarsa ce ke kawo cuta. A 1778 ya koma birnin Faris, ya buɗe wurin magani inda majinyata suke kewaye wani babban baho na katako cike da ruwa da garin ƙarfe, kowa ya riƙe sandar ƙarfe da ta fito daga cikinsa, ana kiɗa a hankali. Wasu su yi ta kuka, wasu su faɗi suna shure-shure. Duk wanda ya ga wannan dole ya ce akwai wani abu a ƙasa.

A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya naɗa kwamitin masana don su binciki lamarin. Cikinsu akwai Benjamin Franklin, jakadan Amurka a lokacin, da Antoine Lavoisier, shahararren masanin haɗa sinadarai. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. Suka sa wani almajirin Mesmer, Charles Deslon, ya sa wa wata bishiya wannan ƙarfi a lambun gidan Franklin, sa'an nan aka kawo wani yaro ɗan shekara 12, aka ɗaure masa ido, aka riƙa kai shi yana rungumar bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya suma a gindin bishiya ta huɗu, alhali ba ita aka yi wa aikin ba. Haka wata mata ta shiga halin saboda ƙoƙon ruwan da ba a yi wa kome ba, ta kuma sha wanda aka yi wa aikin lami lafiya ba tare da ta sani ba. Kwamitin ya yanke hukunci cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfi, abin da mutum ya sa a ransa ne ke aiki. To, amma ko da yake an kashe da'awar tun wancan lokaci, warinta bai bar abin ba har yau.

Tushe na biyu shi ne sunan. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma wannan suna ya ja mutane zuwa inda ba nan ba ne. A watan Nuwamba na 1841 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Sikotlan mazaunin Manchesta, James Braid, ya je kallon wani mai wasan Mesmer da niyyar ya tona asirinsa. Ya dawo da yaƙinin cewa akwai gaskiya a halin da mutanen suke shiga, amma babu ruwan maganaɗisu a ciki, domin shi da kansa ya iya sa mutane cikin halin ta hanyar sa su ƙura wa abu mai ƙyalli ido. A littafinsa na 1843 ya yaɗa sunan da ya samo asali daga kalmar Girkanci mai ma'anar barci. Daga baya Braid ya gane ba barci ba ne, ya nemi ya sauya sunan da wani mai nufin tattara tunani a kan abu guda, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Tushe na uku shi ne adabi da dandalin wasa. A 1894 George du Maurier ya wallafa wani ƙagaggen labari mai suna Trilby, inda wani mugun makaɗi, Svengali, ya mallake wata yarinya da hifnosis. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, har sunan Svengali ya zama lakabin duk wanda ya mallake wani a Ingilishi. A 1920 aka yi wani fim a Jamus game da Dokta Caligari, wanda yake tura wani mai tafiya cikin barci ya yi kisa. Ga kuma masu wasan dandali da suke sa mutane kukan zakara a gaban 'yan kallo, abin da ya sa majalisar Ingila ta kafa doka a 1952 don sa wa irin wannan wasa linzami. Abin da ɗan kallo ba ya lura da shi shi ne, mai wasan yakan fara da gwada jama'a, ya tace waɗanda suka fi saurin karɓa kuma suke son a yi wasan da su, ya sallami sauran.

A nan ne ya kamata mai nazarin Hausa ya tsaya ya yi tunani, domin Bahaushe yana da nasa kalmomin da ke jiran wannan baƙo a bakin ƙofa. Idan aka kwatanta masa abin a gurguje, zai ce ai rufa-ido ne irin na 'yan dabo, ko mallaka, ko kurciya wadda ake cewa tana fitar da mutum daga garinsu ba da saninsa ba, ko kuwa hawan bori, inda ake cewa iska ya hau dokinsa ya yi magana da bakinsa. Duk waɗannan, a yadda Bahaushe ya ɗauke su, sun haɗu a kan abu guda: wani ƙarfi ne daga waje yake shigowa ya ture nufin mutum. Wanda ya fassara hifnosis da ɗaya daga cikinsu ya maido da da'awar Mesmer da aka rushe tun 1784, ya sa mata riga da hula.

Tsoron da ba shi da tushe

Na farko shi ne tsoron gushewar hankali. Wanda aka yi wa hifnosis yana jin abin da ake faɗa, yana iya magana, yana iya gyara zama, kuma galibi yana tuna abin da ya gudana. Na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa ba ta nuna alamun barci a wurinsa. Hasali ma, a 1976 Éva Bányai da Hilgard sun nuna ana iya sa mutum cikin halin yana tuƙa keken motsa jiki, idonsa biyu.

Na biyu shi ne tsoron a sa mutum ya aikata abin da ba ya so. An daɗe ana kafa hujja da wasu gwaje-gwaje inda waɗanda aka yi wa hifnosis suka kai hannu za su kama maciji mai dafi. A 1965 Martin Orne da Frederick Evans suka sake wannan gwaji. Aka umarci mutane su kama macijin, wanda yake bayan wani gilashi da ba a iya gani, su ciro kwabo daga cikin ruwan asid, su kuma watsa wa wani ruwan a fuska, bayan an musanya shi a ɓoye da wanda ba ya cutarwa. Waɗanda aka yi wa hifnosis sun aikata. Amma waɗanda aka ce su yi kamar an yi musu, alhali ba a yi ba, su ma sun aikata. Da aka tambaye su dalili, sai suka ce sun tabbata masu binciken jami'a ba za su bari a cutu ba. Ashe amincewa da mai ba da umarni ce ta sa su, ba wai an ƙwace musu nufi ba.

Na uku shi ne tsoron maƙalewa, watau mutum ya shiga ya kasa fita. Waɗannan masana biyu sun gwada wannan ma. Suka sa mutane cikin halin ta hanyar rikoda, sa'an nan suka ɗauke wuta da gangan, mai lura da su ya fice daga ɗakin kamar zai je gyara. Waɗanda suke cikin halin da gaske, bayan 'yan mintoci, suka buɗe ido da kansu suna dube-dube. Idan aka bar mutum, ko dai ya dawo hayyacinsa, ko kuwa in ya gaji ya zarce da barci na sosai ya farka kamar kullum.

Na huɗu shi ne tsoron tonon asiri. Wanda ke cikin halin yana iya yin shiru, yana iya ƙin amsawa, yana ma iya shirga ƙarya. Da hifnosis yana tilasta faɗin gaskiya, da alƙalai sun huta.

Tsoron da ke da tushe

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Haɗarin gaske yana wajen tunawa. Mutane da yawa sun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset take, hifnosis kuma yana mayar da kaset ɗin baya a ji abin da aka manta. Ba haka ba ne. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry na Jami'ar Concordia a Kanada suka ɗauki mutum 27 masu saurin shiga halin. Kowannensu ya zaɓi wani dare da ya tabbatar ya yi barcinsa bai farka ba. Cikin hifnosis aka ɗarsa musu cewa wata ƙara ta tashe su a daren. Bayan sun fito, 13 daga cikinsu suka ce lallai sun ji ƙarar, wasunsu ma suka dage ko da aka gaya musu ƙagawa aka yi. Watau hifnosis yana iya shuka wa mutum tunanin abin da bai faru ba, ya kuma ƙara masa yaƙini a kansa. A shekarun 1980 da 1990 irin wannan ya raba iyalai da dama a Amurka, inda 'ya'ya suka zargi iyayensu da laifuffukan da suka ce sun tuno a ɗakin magani. Tun a 1985 ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi cewa abin da aka tuno ta wannan hanya ba abin dogaro ba ne.

Haɗari na biyu shi ne mai maganin kansa. A ƙasashe da yawa, har da Ingila, doka ba ta tilasta wa mai wannan sana'a ya yi wani karatu na musamman ba. Mutum yana iya yin kwas na 'yan kwanaki ya kafa allo. Irin wannan yana iya danne wa majinyaci ciwon kai da magana, alhali ciwon alama ce ta wata babbar cuta da ke bukatar asibiti. Haka kuma mugun mutum yana iya cin amanar wanda ya keɓe da shi, kamar yadda yake iya faruwa a kowace sana'a da aka gina kan amana.

Na uku, akwai waɗanda bai dace a yi musu ba, musamman masu taɓin hankali irin wanda mutum yake jin muryoyi ko ganin abin da babu, domin yana iya tsananta musu. Wasu kuma sukan ji ɗan ciwon kai ko jiri ko faɗuwar gaba bayan an gama, amma yakan wuce ba da jimawa ba.

Abin da tsoro yake hana mutum samu

Mai karatu yana iya cewa, in haka ne, me ya kai mutum? Amsa ita ce akwai amfanin da aka tabbatar. Tun a 1845 wani likita mai suna James Esdaile ya riƙa yi wa mutane tiyata a Bengal ta ƙasar Indiya da wannan hanya, kafin zuwan magungunan sa barci na tiyata a 1846 da 1847 ya ture ta gefe. A 1955 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da ita a matsayin hanyar taimaka wa jinya. A 1984 Peter Whorwell na Manchesta ya gwada ta a kan mutum 30 masu wani ciwon hanji mai naci, wanda kan zo da murɗawar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida, alhali in an duba hanjin ba a ga rauni ba. Waɗanda aka yi wa hifnosis suka sami sauƙi ƙwarai fiye da sauran. A 2008 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan hanya cikin abin da za a iya gwadawa idan magunguna suka shekara ba su yi aiki ba. A asibitin jami'ar Liège ta ƙasar Beljiyam, tun 1992 likita Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da allurar kashe zafi ta wuri guda, aka yi wa dubban mutane tiyata, har da ta maƙoƙo, ba tare da an sa su dogon barci ba.

Sai dai kowane abu da iyakarsa. Hifnosis ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya warkar da ciwon daji ko ciwon sukari, ba ya ɗora karaya. Ko a wajen barin taba, inda aka fi yi masa talla, binciken da aka tattara bai nuna ya fi sauran hanyoyi ba. Aikinsa shi ne rage zogi da fargaba da wasu cututtukan da damuwa take rura wutarsu.

Yadda za a shawo kan tsoron

Mataki na farko shi ne mutum ya fara zuwa asibiti a gano abin da ke damunsa. Hifnosis ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba ne.

Na biyu, ya zaɓi wanda dama likita ne, ko likitan haƙori, ko masanin halayyar ɗan Adam mai rajista, wanda ya ƙara da wannan ilimi. Ƙa'idar da masana suke bayarwa ita ce, kada ka yarda wani ya yi maka maganin wata cuta da hifnosis in ba zai iya duba ta ba tare da shi ba.

Na uku, matambayi ba ya ɓata. Ya tambayi mai maganin me zai faɗa, zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin, me kuma ake sa ran samu. Ya bayyana tsoronsa a fili tun kafin a fara, domin mai magani na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Yana da damar ya zo da ɗan'uwa ya zauna a ɗakin, ko ya nemi a naɗi zaman a waya, ko su yi alkawarin wata alama, kamar ɗaga yatsa, wadda in ya yi za a tsaya nan take.

Na huɗu, ya fara da kaɗan. Zaman farko yana iya zama na mintoci kaɗan, ido a buɗe. Da yawa daga masu wannan aiki sukan koya wa majinyaci yadda zai riƙa shiga halin da kansa a gida, kuma wanda ya shiga ya fita da kansa sau biyu ko uku ba ya sake tsoron maƙalewa, domin gani ya kori ji.

Na biyar, ya san alamun da in ya gani zai tashi ya kama gabansa: wanda ya ce yana da wani ƙarfi na musamman, ko ya ce a bar maganin asibiti, ko ya yi alkawarin warkewa a zama guda, ko ya ce zai tono masa abin da ya manta tun yana yaro, ko ya hana a zo da ɗan rakiya. Idan kuwa bayan duk wannan zuciyarsa ba ta kwanta ba, babu tilas. Akwai wasu hanyoyin rage damuwa, kuma hifnosis ba ya aiki a kan wanda bai yarda ba.

Kammalawa

Mun ga cewa tsoron hifnosis ya taso ne daga da'awar Mesmer, da sunan da Braid ya yaɗa ya kuma yi nadamarsa, da ƙagaggun labarai da wasannin dandali. Mun ga kuma gwaje-gwajen masana sun rushe zancen gushewar hankali da ƙwace nufi da maƙalewa, amma sun tabbatar da haɗarin tunanin ƙarya da na mai maganin da bai ƙware ba. Saboda haka shawo kan wannan tsoro ba yana nufin a watsar da hattara ba ne, yana nufin a ɗauke ta daga inda ba ta da amfani a kai ta inda take da shi.

Saura aikin da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshe. Duk ranar da aka zo fassara wannan kalma a rediyo ko a littafin kiwon lafiya, in muka ce barci mun maimaita kuskuren Braid, in muka ce rufa-ido ko sihiri mun maimaita na Mesmer. Shawarar da wannan maƙala take bayarwa ita ce a kira shi magani ta hanyar tattara hankali, domin wannan suna ya faɗi abin da ake yi, ya kuma nuna cewa hankalin na majinyaci ne, shi ne kuma mai tattara shi. Ƙofa a buɗe take ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu su kawo wanda ya fi wannan dacewa.